Yatsun da Yumɓu Ya Cinye

Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannun Inna ya zauna ba. Ita takan zauna, amma hannun ba ya zama. In ba yumɓu take kwaɓawa ba, to gyaɗa take ɓarewa. In babu gyaɗa ta jawo faifai ta hau tsintar wake. In duk an rasa, sai ta cafko kan duk wadda ke kusa ta fara tsefe mata kitso, ko da jiya aka yi shi. Na sha kuka a kan wannan ina yarinya.

Inna ita ce mahaifiyata, maginiyar tukwane a wani ƙauye gaba da Gezawa kaɗan, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, in ka yi atishawa a gidanku a amsa maka daga gidan maƙwabta. Duk randar da ka sha ruwa a cikinta a unguwarmu, in ka shafa ƙarƙashin bakinta za ka ji wani ɗan gurbi kamar mazaunin ƙwayar gyaɗa. Babban yatsan Inna ne. Haka take rufe kowane aiki: ta dangwala yatsa, ta ce alhamdu lillahi, ta tura shi inuwa ya bushe.

Ni kuwa malamar makaranta ce, ilimin halittu nake koyarwa a sakandaren 'yan mata a birni. Ban gaji ginin tukwane ba. Abin da na gada a wurin Inna saurin fushi ne da kaifin baki, waɗannan kam na gaje su cif, ban bar wa kowa ko ƙyas ba.

Shekarun baya kaɗan, zafin bazara na shirin kankama, Yaya, babban wanmu mai sana'ar hatsi a birni, ya zo gida ya durƙusa gaban Inna ya ce ya biya musu kujerar Makka, shi da ita. Inna ta kawar da kai gefe, don ɗan fari ne, ba ta haɗa ido da shi, ko sunansa ba ta faɗa. Ta ce, "To, madalla. Allah ya yi albarka." Sai da ya fita ta shige ɗaki ta yi kuka har da shessheƙa, hannunta dumu-dumu da yumɓu. Tun ina ƙarama nake jin ta tana cewa "in Allah ya kai ni," har na ɗauka wata waƙar aiki ce.

Saura fasfo. An gaya wa Yaya cewa akwai ranar da za a rufe karɓar fasfon maniyyata, wanda bai kawo ba sai dai ya jira baɗi. Da na gaya wa Inna haka ta dube ni ta ce, "Baɗi? Wa ya ba ni baɗi? Kin ga takardar da aka rubuta mini?" Ta haura saba'in a lokacin, kuma sa'o'inta biyu ta raka gidan gaskiya a wannan shekarar. Ban sake ambaton baɗi a gabanta ba.

Daga nan Gwaggo ta shigo maganar. Gwaggo ƙanwar marigayi Babanmu ce, katanga ɗaya ta raba gidanta da namu, kuma babu abin da za a yi a gidanmu ba ta sa baki ba. Ta ce sam, matar da za a ɗauki hotonta don zuwa ɗakin Allah ba za ta shiga birni da hannu kamar busasshen rogo ba. Ta daka lalle, ta zaro tsohon zungurunta, wannan dogon ƙoƙon da ake zura hannu a ciki in an yi ƙunshi, ta ɗaure Inna kwana biyu a jere. Ranar da na zo ɗaukar ta, hannayen sun yi baƙi wuluk har suna ƙyalli.

Ga inda nake jin kunyar kaina har gobe. Ni ce fa nake tsayawa gaban ɗalibai duk shekara, ina haƙilo har muryata ta dushe, kada kowa ta kuskura ta yi lalle kafin rajistar jarrabawa, don na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta gane yatsa mai lalle. Amma da na ga hannun uwata, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai, Inna, kin fito amarya!" Muka shiga mota muna ta raha.

A ofishin fasfo muka samu wata mata mai tabarau, mai sanyin murya. Ta ce, "Hajiya, ɗora yatsunki huɗu a kan gilashin nan."

Inna ta ce, "Ban je ba tukuna, 'yar nan. Sai kin bar ni na je sannan ki kira ni Hajiya."

Matar ta yi dariya, ta kama hannun ta ɗora. Wuta ta kawo ja. Ta goge gilashin ta sake, ja. A nan ne fa na dubi baƙin lallen nan, na tuna abin da nake gaya wa ɗalibaina. Matar ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau, ta ga alamar 'yar boko, ba ta ce komai ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce mu dawo in lallen ya fita.

Na mayar da Inna gida, na koma bakin aikina. Ashe bayan tafiyata ita da Gwaggo sun zauna sun yi shawara. Gwaggo ta ce ai babu abin da ke cin lalle kamar yumɓu, Inna ta ce ƙwarai kuwa. Sai Inna ta hau gini ba ji ba gani, daga hantsi har la'asar, tukwane, tuluna, kasake, kwana goma cur. In ta tashi da yamma kuma Gwaggo ta zaunar da ita ta dirje mata kan yatsun da dutsen goge kaushi. Da na dawo suka miƙo mini hannun suna murmushi, su a dole sun yi abin kai. Lalle kam ya fita tas.

Muka koma. Matar ta ɗora yatsun, ja. Ta sake, ja. Ta shafa musu ɗan ruwa, ta hura musu iska, ta danna da ƙarfi har Inna ta ce wash. Ja dai. Sai ta juyo da hannun ta kai shi kusa da idonta, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ikon Allah. Baba, wace sana'a kike yi?"

"Tukwane nake ginawa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi uwarki."

Matar ta nuna mini. Kan yatsun sumul suke kamar bayan sabuwar ƙwarya, babu layi ko ɗaya. Shekara sittin yumɓu yana ci a hankali, ɗan abin da ya rage kuma Gwaggo ta ƙarasa da dutse. Ta ce zanen yakan dawo in an bar fata ta huta, amma sai Inna ta ɗauke hannunta daga aiki gaba ɗaya na mako uku, a riƙa shafa man kaɗanya safe da yamma. Ranar rufewa kuwa saura mako huɗu. Ta ce, "In kun dawo bai fito ba, to gaskiya ban san abin da zan ce muku ba."

Tun a mota nake tara magana. Muna shiga gida na sauke wa Gwaggo kwandon masifa, na manta da cewa ƙanwar ubana ce. Ta bari sai da na gama tas, sannan ta ce, "To Malama, ke da kika yi karatun, ina bakinki yake ranar da kika ce ta fito amarya?"

Da yammar nan na ɗauki tocila na shiga ɗakin Inna, wurin tsohuwar randarta, wadda ta gina da kanta ta zo da ita gidan Baba tana amarya. Na haska ƙarƙashin bakin. Ga gurbin yatsan nan, ga layuka a ciki rangaɗau, sun nannaɗe kamar bakin faifai, wuta ta gasa su sun zauna. Na fito tsakar gida na duba sababbin tulunan da ta gina. Gurbi ne kawai, sumul. Na tsaya riƙe da tocila ina kallon su. Da wannan yatsan aka ciyar da mu, aka yi mini kayan makaranta, ni ko sau ɗaya ban taɓa juyo da hannun na duba ba.

Allah ya taimaka an ba mu hutun makaranta, na tattaro na dawo gida gadi. Gwaggo ta ce a mayar da hannun cikin zunguru. Na ce zungurun nan in na sake ganin sa sai na fasa shi. Muka daidaita a kan safa. Kullum sai mu lafta wa Inna man kaɗanya, mu zura mata safar makaranta fara a kowane hannu, ba a cirewa sai alwala da cin abinci. Haka take zama a kan tabarma gindin darbejiya, hannaye biyu a kan cinya kamar wadda aka yi wa ɗori. Matan unguwa suka riƙa zuwa sannu. Wata har da kawo kunu, ta ɗauka ƙonewa ta yi.

Gadin Inna ya fi gadin akuya a gonar wake wuya. Ka juya baya ka same ta tana murza zogale da safa. Rana ta uku na kama ta a bayan rumbu, ta cire guda da haƙori tana ɓare gyaɗa a ɓoye. Na ce, "Haba Inna! Makka kike so ko gyaɗa?" Ta yi tsaki ta ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Amma ta miƙo hannun na mayar da safar.

Don in rage mata zaman shiru sai na riƙa ba ta labarin aji. Na gaya mata yadda nake naɗe wa ɗalibai babban yatsa da salatif, in manne shi da tafin hannu, sannan in ce su ɗaura ɗankwali ko su tsinci allura a ƙasa. Ajin yakan kaure da ihu, babu mai iyawa. Na ce mata wannan yatsan da ke iya zagayowa ya taɓa kan kowane ɗan'uwansa, shi ne ya raba hannunmu da na sauran halittu.

Ta ce, "Biri fa? Na ga na mai wasa a kasuwar Gezawa. Hannunsa har da farce, sai ka ce na tsoho."

Na ce, "Yana da shi, amma gajere ne. Zai riƙe reshe, zai ɓare ayaba, amma ba zai zura zare a allura yadda kike yi ba." Na ci gaba da cewa masana sun ce tun mutanen farko suna fasa dutse su yi wuƙa da shi, shekaru aru-aru, hannu yana ƙara ƙwarewa, ƙwaƙwalwa tana bin sa a baya tana girma. Wato aikin hannu yana cikin abin da ya mayar da mutum mutum.

Ta ce, "Allah ne ya yi hannu."

"Ai ban ce ba shi ba ne, Inna."

Ta juya safar tana dubawa. "Amma wannan na cewa kai yana bin hannu, ba su yi ƙarya ba. Ni sai hannuna ya gama tukunya sannan kaina yake sanin irin wadda na yi niyya. Wannan ne aka tura ki har jami'a ki koyo? Da kin tambaye ni a tsakar gida."

Na yi dariya a lokacin. Amma da aka shiga mako na biyu dariya ta ƙare. Inna mai ba da labari ce, tana gini tana zuba, tarihin kowane gida a ƙauyen yana bakinta. Sai ga shi ta yi shiru. Ta fara magana ta tsaya a tsakiya ta ce ta manta. Tuwo ta ci loma uku ta ture. Ta riƙa tambayata yau wace rana, sau biyu kafin azahar. Wata safiya na same ta ta zuba wa ramin yumɓunta ido, ya bushe ya tsattsage, hawaye na bin kuncinta, ta rasa ma yadda za ta share da safa mai maiƙo. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce a raina, muna neman layin yatsa za mu rasa tsohuwar ɗungurungum.

Ana cikin haka maƙwabciyarmu ta shigo, tana ta kame-kame. Bikin 'yarta ya matso, kuma tun ranar sunan yarinyar Inna ta yi alkawarin ita za ta gina mata randar aure. A unguwarmu ba a kai amarya babu randar Inna, ko da an saya mata firji. Matar ta ce ta san halin da ake ciki, ta zo ne ta ce a bar shi kawai, za su sayi ta kasuwa.

Inna ta miƙe zaune. Rabon da in ga idonta ya yi wannan hasken tun ranar da aka sa safa. Ta ce, "Ta kasuwa? Ina raye?" Ta juyo gare ni. "Ke, tashi. Yau za ki yi amfani."

Na ce, "Ni? Inna, ko kaskon turare ban taɓa ginawa ba."

"Hannu gare ki ko kofato?"

Na jiƙa yumɓu na tattake shi da ƙafa, wannan kam na iya tun ina yarinya. Washegari muka kife tsohuwar tukunya, na barbaɗa mata toka, na shimfiɗa yumɓu a kai ina bubbugawa don ya ɗauki siffar gindin randa. Inna tana tsaye a kaina tana ba da umarni. To a nan aka yi ta. Ashe matar nan da ta shekara sittin tana gini ba ta iya faɗin yadda ake yi ba. Abin da take cewa kawai, "Yi haka. A'a, ba haka ba, haka!" tana kaɗa safa a iska.

Na ce, "Haka yaya? Ki faɗa da baki mana!"

"Ki ji shi! In ya yi kauri ai za ki ji!"

"Ban ji komai ba, taɓo nake ji!"

Gwaggo tana leƙe ta kan katanga tana dariya har da riƙe ciki. Na farko ya tsage. Na biyu da muka juyo shi ya zauna daɓas kamar tuwon da ruwa ya yi wa yawa. Zuciya ta ɗebe ni na yi jifa da curin yumɓu, na ce na fasa, a je a sayi ta kasuwar.

Inna ta dubi safar hannunta. Can sai ta ce, "Wai shi injin nan, wane wuri yake so a hannun? Duka?"

Na ce, "Kan yatsu kawai."

"Kan yatsu kawai. Shi ne kuka ɗaure mini hannu gaba ɗaya kwana goma sha biyu kamar ɓarauniya? Ke da Gwaggonki wallahi ban san wadda ta fi wata ba."

Ta sa na cire safar, na yayyaga tsumma na naɗe kan kowane yatsa shi kaɗai, na ɗaure da zare. Ta durƙusa gaban yumɓun, ta ɗage yatsun sama kamar mai jiran lalle ya bushe, ta sa gindin tafin hannunta ta fara bugawa. Allah Sarki! Sautin ma daban ne. Kafin ta kai rabi ta fara ba ni labarin yadda kakata ta taɓa korar wani mai sayen tukwane da muciya, labarin da ta kasa ƙarasawa kwana uku da suka wuce. Ta kai shi har ƙarshe, har da kwaikwayon gudun mutumin.

Gindi da ciki ta yi su da tafi da bayan hannu. Amma wuya da baki sai da yatsu, babu dabara. Ta ce in zauna, ta zauna a bayana kamar za ta yi mini kitso, ta ɗora tafinta a bayan hannuna. Ba ta sake cewa "yi haka" ba. In na matsa da yawa sai in ji ta ɗan janye ni, in na sassauta ta danna. Muna zagaya randar a hankali, numfashinta a wuyana, ƙamshin man kaɗanya ya cika mini hanci. Can wajen zagaye na huɗu sai na ji shi. Na ji wurin da ya yi kauri tun ban gani ba, yatsana ya je da kansa ya rage. Na yi ihu, "Inna, na ji!" Ta ce, "To rufe mana baki kada ki rushe shi."

Bakin ya fito a ɗan karkace, kamar hular da aka tura gefe. Amma randa ce, ta tsaya da gindinta. Inna ta ɗaga babban yatsanta za ta dangwala kamar kullum, sai ta ga tsumma. Ta tsaya da shi a sama. Sannan ta kamo nawa, ta kai shi ƙarƙashin bakin ta danna.

Ta ce, "Wadda ta yi baki ita ke dangwalawa. Ce alhamdu lillahi."

Na faɗa. Na tashi da sauri na tafi wanke hannu don kada Gwaggo ta ga idona ta samu abin faɗa.

Daga ranar Inna ta dawo da cin tuwonta. Muka bar ta tana 'yan ayyuka da tafi da bayan hannu, kan yatsun dai suna naɗe. Randar ta bushe, muka gasa ta da kara, ba ta fashe ba.

Ranar da mako uku suka cika muka koma birni, saura kwana shida a rufe. A mota Inna ta riƙe hannayenta a ƙirji, ko ƙofa ba ta yarda ta taɓa ba. Ni kuwa addu'ar da na sani babu wadda ban karanta ba. Matar mai tabarau ta gane mu, ta ce, "Mai tukwane! Bismillah."

Yatsu huɗu na dama. Ja. Matar ta goge gilashin, ta ce a bi su ɗaya-ɗaya. Ta ɗora ƙaramin yatsa, ta ɗan juya shi. Kore! Na gaba, kore. Na tsakiya ya ƙi, manuni ya ƙi. Ta koma hagu, aka samu uku. Sannan ta kama babban yatsan dama, wanda ya fi kowanne shan wahala, ta ɗora, ta danne da nata. Wutar ta yi kamar tana shawara, sannan ta kawo kore, hoton yatsan ya fito a fuskar kwamfuta, ƙato kamar faifai, layukan siriri-siriri amma ga su nan.

Matar ta ce, "Shida sun isa. Hajiya, sai Makka."

Inna ba ta ji ta ba. Ta matso da fuskarta kusa da kwamfutar ta ce, "Tsaya, 'yar nan, kada ki kashe." Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce da hoton, a hankali, kamar ta haɗu da wata ƙawarta ta ƙuruciya a kasuwa, "Ashe kana nan." Ta juyo gare ni. "Shi ne na jikin randar ɗakina. Kin gan shi? Shi ne wallahi." Ni da na yi niyyar in yi guɗa sai na ɓuge da kuka a gaban layin mutane, matar tana miƙo mini hankici.

Inna ta je Makka ta dawo lafiya. Masu zuwa barka suna tambayar ta abin da ta gani, ita kuwa labari ɗaya take maimaitawa. Wai wata rana yaron nan, wato Yaya, ya kare ta da jikinsa har ta kai hannu jikin ɗakin Allah, wajen wata kusurwa, ta shafa dutsen ta ji shi sumul. Ta ce, "Hannun mutane ne ya cinye shi. Ni yumɓu ya cinye nawa, can kuwa hannu ne ya cinye dutse. Na ce to, an rama mini."

Kwana uku da dawowarta na same ta a bakin ramin yumɓu, hannu tsundum har gwiwa. Na buɗe baki zan fara, ta ce, "Injin ya ga abin da zai gani. Matsa mini daga haske."

Randar nan mai karkataccen baki tana ɗakin amaryar har yau, kuma ana yabon sanyin ruwanta. Bayan wata biyar da bikin na je barka, ta haihu... a'a, ƙarya nake, sai da shekara ta zagayo. Na ce a bar ni in ɗebi ruwa da kaina, don ina so in gaisa da yatsana. Na shafa ƙarƙashin bakin na ji gurbina. Sai kuma na ji wani a gefensa, manne da shi, ɗan dogo, ba irin na kan yatsa ba. Na leƙa da fitilar waya. Gaɓar yatsa ce, an lanƙwasa an danna da baya. Ashe lokacin da na tafi wanke hannu ta yi abinta.

Ina komawa gida na tambaye ta. Tana kwaɓa yumɓu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "To da so kike in bar ki ke kaɗai ki ɗauki kunyar wannan karkataccen bakin? In za a yi dariya, a yi mana tare."